Yadda Ake Daidaita Kp, Ki da Kd a Ƙaramin Injin Sarbo Har Ya Daina Lilo

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na cire allon lantarkin da ke cikin sarbo ƙirar MG996R, ina tuƙa moton kai tsaye da Arduino Uno ta hanyar L298N, ina kuma karanta kusurwa daga fotenshiyomitar da ke ciki. Hannun da na ɗaura masa yana ɗauke da nauyin giram 200 a nisan santimita 15. Idan na ƙara Kp sai ya yi ta lilo, idan na rage sai ya tsaya kafin ya kai. Na gwada dabarar Ziegler da Nichols, abin ya ƙara lalacewa. Ta yaya zan samu lambobin da suka dace?"

Malam, bari mu fara da ma'anar lambobin: Kp, Ki da Kd su ne lambobi uku na lissafin da ke tuƙa moton. Kp yana ninka gibi, wato bambancin kusurwar da aka nema da wadda ake kai, Ki yana ninka tarin gibin a kan lokaci, Kd kuma yana ninka saurin canjinsa. Alamu biyun da ka ambata, wato lilo idan Kp ya yi yawa da tsayawa a hanya idan ya yi kaɗan, suna nuna cewa lissafinka yana aiki yadda ya kamata, kuma matsalar ba a lambobin kaɗai take ba. A ƙananan sarbo irin waɗannan, rabin abin da ake ɗora wa Kp da Ki laifinsa yana fitowa ne daga wutar da ake ba moton, da lokacin da zagayen lissafi ke ɗauka, da kuma sako-sakon da ke tsakanin haƙoran giya. Saboda haka zan fara da waɗannan, domin duk lambar da ka samu kafin ka gyara su za ta ci amanarka da zarar batir ya ɗan yi sanyi ko nauyi ya canza.

Sarbo na yau da kullum abu huɗu ne a cikin akwati ɗaya: ƙaramin moto, jerin giya masu rage gudu su ƙara ƙarfin murɗawa, fotenshiyomita, wato abin auna kusurwa da ke maƙale da sandar fita, da allon da ke kwatanta kusurwar da aka nema da wadda ake kai. Umarni yana zuwa masa ne a matsayin bugun lantarki sau 50 a daƙiƙa, inda faɗin bugun ke tsakanin milisakan 1 zuwa 2, tsakiya kuma milisakan 1.5. Muddin allon nan yana ciki, masana'anta ta riga ta kulle lambobinsa, ba ka da ikon taɓa su. Kai ka cire shi, don haka duk aikin da yake yi ya dawo wuyanka, har da wasu ƙananan dabaru da yake yi a ɓoye waɗanda mutane ba su cika lura da su ba, kamar ƙyale ɗan ƙaramin gibi ba tare da ya motsa ba.

Batun wuta shi ne na farko. MG996R yana iya jan kusan amfiya 2.5 a bolt 6 idan aka danne shi ya kasa juyawa, kuma a duk lokacin da ya tashi daga tsaye ko ya sauya alkibla farat ɗaya, yana jan abin da ya kusanci haka na ɗan taƙaitaccen lokaci. Ƙofar USB 2.0 ta kwamfuta kuwa rabin amfiya kawai take alkawari. Idan moton da Arduino suna shan wuta daga tushe ɗaya marar ƙarfi, duk yunƙurin moton zai ja wutar ƙasa, karatun kusurwa ya gurɓace, lissafi ya ɗauka hannun ya motsa alhali bai motsa ba, ya sake tura moton, a haka rawar ke haifar da kanta. Ka ba moton tushen wutarsa daban mai iya ba da amfiya 3, ka haɗa nagetib ɗinsu a wuri ɗaya, ka sa babbar kafasita mai maikurofarad 470 zuwa 1000 kusa da direban, wato L298N da ke miƙa wa moton wuta bisa umarnin Arduino, da ƙarama mai nanofarad 100 a kan ƙafafun moton kansa. Fotenshiyomitar kuwa ka ciyar da ita daga bolt 5 na Arduino, domin ma'aunin da abin aunawa su riƙa hawa da sauka tare. Game da L298N, tsohon direba ne da ke cinye kusan bolt 2 a cikin kansa, wanda a tsarin bolt 6 kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da kake da shi. Zai yi aiki, amma idan ka samu direba na zamani mai ƙarancin asara wanda zai ɗauki amfiyar da moton ke ja, daidaitawar za ta zo maka da sauƙi ƙwarai.

Na biyu shi ne lokaci, kuma a nan ne na fi ganin masu koyo suna faɗawa rami ba tare da sun sani ba. Lissafin Ki da na Kd duka sun dogara ne da tazarar lokaci tsakanin karatu da karatu, don haka wajibi ne tazarar ta kasance tabbatacciya. Ka yi amfani da micros(), umarnin Arduino mai karanta lokaci, ka tsayar da zagayen a kan milisakan 2, wato sau 500 a daƙiƙa, ka kuma kawar da duk wani delay(), umarnin da ke dakatar da shiri, daga cikinsa. Ka kula da aika bayanai zuwa kwamfuta: a gudun bit 9600 a daƙiƙa, harafi ɗaya yana cin kusan milisakan 1, layi mai haruffa 20 ya ci milisakan 20, kuma da zarar ma'ajiyar aikawa ta cika, shirin gaba ɗaya zai tsaya yana jira. Mutum yana ganin kamar zagayensa yana gudu sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ashe sau 50 yake yi, kuma jinkiri shi ne babban abokin gabar duk wani tsari da ke gyara kansa daga abin da ya auna. Ka ɗaga gudun zuwa 115200 ko fiye, ka riƙa aika layi ɗaya bayan kowane zagaye goma. Amma kada ka daina aikawa ɗungurungum, domin ba a daidaita waɗannan lambobi da kallon hannu da ido; sai ka ga zanen kusurwar da ka nema, da wadda aka kai, da ƙarfin da aka tura wa moto, su uku a kan allo ɗaya.

Yanzu ga dalilin da ya sa Ziegler da Nichols suka ba ka kunya. John Ziegler da Nathaniel Nichols sun wallafa dabararsu ne a 1942, suna aiki a kamfanin Taylor Instrument da ke Amurka, kuma abin da ke gabansu shi ne na'urorin masana'antu masu kula da zafi da matsi da gudanar ruwa, waɗanda suke amsa umarni a hankali. Dabarar ta ce ka kashe Ki da Kd, ka yi ta ƙara Kp har tsarin ya shiga lilo mai ɗorewa, ka kira wannan lamba Ku, tsawon lilo ɗaya kuma Tu. Daga nan Kp ya zama 0.6 na Ku, lokacin tarawa, wanda ake raba Kp da shi a samu Ki, ya zama rabin Tu, lokacin hange kuma, wanda ake ninka Kp da shi a samu Kd, kashi ɗaya cikin takwas na Tu. Burinsu tun asali shi ne kowane lilo ya zama rubu'in wanda ya gabace shi, ma'ana sun amince da zarcewa mai yawa domin a samu saurin murƙushe duk abin da ya dagula tsarin. Tukunyar tururi za ta jure wannan, hannun da ke ɗauke da kaya ba zai jure ba.

Bari mu sa lambobi a matsayin misali. A ce ka samu Ku 20, a ma'aunin da ƙarfin moto ke tafiya daga 0 zuwa 255 gibi kuma ana auna shi da digiri, Tu kuma daƙiƙa 0.2. Dabarar za ta ba ka Kp 12, Ki 120, Kd 0.3. Dubi wannan Ki ɗin da kyau: gibin digiri 10 da ya daɗe na daƙiƙa 0.2 kacal zai tara 240, kusan dukan ƙarfin moton. Lokacin da hannun ya iso inda ake so, wannan tarin yana nan daram yana ci gaba da tura shi, kuma ba zai zube ba sai hannun ya wuce zuwa ɗaya ɓangaren ya daɗe a can. Akwai kuma wani dalili mai zurfi. Wutar da kake ba moto gudu take haifarwa, kusurwa kuwa tarin gudu ce a kan lokaci, wato moton da kansa ya riga ya ƙunshi mai tarawa guda ɗaya. Idan ka ɗora masa Ki mai ƙarfi, masu tarawa sun zama biyu a jere, kowannensu yana jawo jinkiri a amsa, kuma tsari irin wannan ɗabi'arsa ce ya yi lilo. Bugu da ƙari, lilon da ka gani ka ɗauka shi ne na Ku, mai yiwuwa na sako-sakon giya ne, wanda ke bayyana tun kafin a kai iyakar gaskiya, don haka tun daga tushe ma'aunin ya karkace.

Hanyar da nake bi, kuma ita nake ba ka shawara, ita ce a gina tsarin a kan Kp da Kd, a bar Ki sai can ƙarshe, in ma an buƙace shi. Kafin komai, ka taƙaita ƙarfin fita zuwa kamar 100 cikin 255, ka tabbatar alkibla daidai take, wato gibi yana raguwa idan moto ya juya. In alkiblar ta juye, hannun zai ruga da dukan ƙarfinsa ya daki matsayar da ke cikin akwatin, kuma haƙoran giya ko fotenshiyomita ne za su biya kuɗin. Bayan ka tabbatar, ka ɗaura ainihin nauyin da hannun zai yi aiki da shi, domin lambar da aka samu a sarbo tsirara ba ta da amfani idan an ɗora kaya. Ka fara da Kp kamar 4, wanda ke nufin lissafi zai nemi cikakken ƙarfi na 255 ne sai gibi ya kai wajen digiri 60. Ka riƙa ba da umarnin tsalle na digiri 15 zuwa 20, gaba da baya, a tsakiyar zangon aikin. Kada ka gwada da tsallen digiri 90, domin a nan moton zai cika maƙil da wuta a mafi yawan tafiyar, abin da za ka gani a zane iyakar ƙarfinsa ne kawai, lambobinka ba su ce komai ba tukuna. Ka riƙa ninka Kp da ɗaya da rabi a kowane gwaji har ka ga hannun ya zarce ya yi lilo biyu ko uku kafin ya natsu. A nan ka tsaya, kada ka rage shi.

Aikin Kd ne ya kwantar da wannan lilon, domin shi birki ne da ke ƙaruwa gwargwadon gudun hannun. Ka fara da Kd daidai da Kp sau 0.02, ka yi ta ƙarawa a hankali, kana kallon zarcewar tana raguwa. Idan ta ɓace ko ta rage kamar digiri ɗaya, kana iya sake ɗaga Kp kaɗan ka biyo shi da Kd, su riƙa hawa tare, har ka kai inda ƙarin Kd ya daina gyara komai sai dai ya sa moton kuka da zafi. Daga wannan iyaka ka ja da baya da kamar kashi 30 cikin 100, ka bar wa kanka rata saboda ranar da batir zai cika fam ko nauyi ya ragu.

A nan fa gizo ke saƙar, domin Kd ba ya yin kyau sai an tsabtace masa abin da yake karantawa. Na'urar karatun Uno tana raba bolt 5 zuwa matakai 1024. A ce tafiyar digiri 180 ta ci matakai 700 daga ciki, kowane mataki ya zama kusan digiri 0.26. Idan karatu ya yi tsalle da mataki ɗaya tak saboda dattin lantarki, kuma tazararka milisakan 2 ce, lissafi zai ga gudun digiri 130 a daƙiƙa. Ka kwatanta da iyakar gudun MG996R, wanda ke cin digiri 60 a cikin daƙiƙa 0.17 a bolt 4.8, wato kimanin digiri 350 a daƙiƙa. Ma'ana ƙyaftawar mataki ɗaya tana kama da fiye da sulusin cikakken gudu, hannun kuwa ko motsi bai yi ba. Wannan shi ne tushen makyarkyatar da ke sa mutane su yanke hukuncin cewa Kd ba shi da amfani su mayar da shi sifili, su koma fama da Kp shi kaɗai. Maganin shi ne a tace gudun kafin a ninka shi da Kd: sabon gudu ya zama 0.8 na tsohon, a haɗa da 0.2 na wanda aka auna yanzu. A tazarar milisakan 2, wannan matacin yana jawo jinkirin kusan milisakan 9, wanda ana iya jurewa. Idan ka tsananta tacewar fiye da kima, birkin zai riƙa zuwa a makare, kuma birkin da ya makara tura hannun yake yi maimakon tsayar da shi. Sannan ka lissafa gudun daga canjin kusurwar da aka auna, da alamar ragi a gabansa, maimakon daga canjin gibi, domin duk sa'ad da ka ba da sabon umarni gibin yana tsalle nan take, Kd kuma ya mayar da tsallen wani mugun naushi a kan giya.

Saura matsalar tsayawa kafin a kai, wadda ita ce ke tura mutum neman Ki tun farko. Abu biyu ne ke jawo ta, kuma kowanne yana da maganin da ya fi Ki dacewa. Na farko cijewar giya ce: akwai ƙaramin ƙarfin da in ba a kai shi ba moton ba zai ko motsa ba. Ka auna shi ta hanyar ƙara ƙarfi ɗaya bayan ɗaya har sandar ta fara juyawa. Idan ka samu 40, Kp ɗinka kuma 8 ne, to duk gibin da bai kai digiri 5 ba moton zai yi biris da shi. Sai ka ƙara wani tsayayyen ƙarfi da ya ɗan gaza wannan, kamar 32 zuwa 35, a alkiblar da ake son tafiya, duk lokacin da gibi ya wuce wani ɗan yanki da ka ware, misali rabin digiri zuwa digiri ɗaya. A cikin yankin kuwa ka janye wannan ƙarin. Yankin nan wajibi ne ya fi sako-sakon giyarka faɗi, wanda za ka iya aunawa ta hanyar girgiza hannun da yatsa moto na kashe kana kallon abin da karatu ke yi. Idan ka matsa sai ka samu daidaiton da ya fi abin da haƙoran ke iya bayarwa, hannun zai yi ta farautar wurin, ya wuce ta nan ya dawo ta can, har moton ya yi zafi a banza.

Na biyu nauyin kayan ne. Giram 200 a santimita 15 yana buƙatar ƙarfin murɗawa na kilogiram-santimita 3 idan hannun yana kwance a miƙe, ban da nauyin hannun kansa, wato kusan sulusin abin da wannan sarbo ke iya bayarwa, amma idan hannun ya miƙe tsaye buƙatar ta koma sifili. Tun da mun san wannan tun kafin a tashi, babu hikima a bar Ki ya gano shi a makare ta hanyar tara gibi. Ka auna ƙarfin da ke fara ɗaga hannun daga kwance, da wanda a ƙasa da shi hannun ke fara sauka, ka ɗauki tsakiyarsu, ka ninka da kosain (cos() a cikin shiri) na kusurwar da aka auna daga kwance, ka ƙara sakamakon kai tsaye a kan abin da Kp da Kd suka fitar. Wannan layi ɗaya na shiri yakan kawar da mafi yawan gibin da ya rage, kuma yana sa hawa da sauka su yi kama da juna a zane, abin da lambobi uku kaɗai ba za su taɓa ba ka ba.

Idan bayan wannan duka akwai sauran gibin da ya dame ka, sai Ki ya shigo, ƙarami ƙwarai. Ka fara da Ki daidai da rabin Kp ko ƙasa da haka, ta yadda zai ɗauki daƙiƙa ɗaya ko biyu yana share ragowar. Ka ɗaure shi da sharuɗɗa: kada ya tara komai sai gibi ya sauko ƙasa da digiri 5, ya daina tarawa duk lokacin da ƙarfin fita ya kai iyaka, ya tsaya cak a cikin yankin da ka ware, kuma jimillar abin da zai iya bayarwa kada ta wuce kamar 50 cikin 255. Idan ka ga hannun yana tsayawa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya zabura ya wuce, ya sake yin shiru ya zabura baya, to Ki ne ke kokawa da cijewar giya, ka rage shi ko ka faɗaɗa yankin.

Akwai wani gyara da ya fi duk wani murɗa lambobi tasiri a kan manyan tafiye-tafiye, shi ne ka daina jefa wa tsarin umarnin digiri 90 a lokaci ɗaya. Ka riƙa matsar da kusurwar da ake nema a hankali, ta fara da ƙara gudu, ta yi tafiya a gudun da bai wuce kamar digiri 150 zuwa 200 a daƙiƙa ba, sannan ta rage gudu kafin isowa. Ta haka gibi ba ya taɓa girma, moto ba ya cika maƙil, kuma lambobin da ka samu da ƙananan tsalle za su ci gaba da aiki a kowace tafiya.

Ga wanda bai cire allon ba kuma yake son ɗora nasa lissafin a bisa, misali kyamarar da ke bin wani abu, labarin ya sha bamban. Sarbon da ke da allonsa kusurwa yake karɓa, don haka abin da ya dace shi ne sabon umarni ya zama tsohon umarni haɗe da wani kaso na gibin da aka gani, kamar 0.1 zuwa 0.3 a kowane hoto. Kyamara mai hoto 30 a daƙiƙa tana jawo jinkirin aƙalla milisakan 33, bugun umarni ya ƙara har milisakan 20, don haka zagayen waje dole ya fi na ciki jinkiri da kamar ninki biyar, in ba haka ba su biyun za su yi ta ja-in-ja. A nan kuma a yi amfani da writeMicroseconds() maimakon write(), domin na biyun cikakken digiri kawai yake karɓa, matakansa sun yi gwaɓi ga aiki mai laushi.

Idan wata rana ka ga fotenshiyomitar ce ta zama iyakarka, musamman in ta fara cinyewa a wurin da hannun ya fi zama har karatu yana tsalle a nan kaɗai, ka musanya ta da ma'aunin maganaɗisu irin AS5600, mai raba zagaye ɗaya zuwa matakai 4096, wato kusan digiri 0.088 kowane mataki, kuma babu abin da ke gogar wani a cikinsa. Da shi za ka iya sassauta matacin, ka ɗaga Kd, Kp ma ya bi shi sama. Ka tuna dai cewa idan ka sauya ma'auni, ko ƙarfin batir, ko tazarar zagaye, sai ka sake auna ƙarfin cijewa da na riƙe nauyi, sannan ka maimaita gwajin tsallen digiri 15 a wurare uku: hannu a kwance, a tsakiya, da kusa da tsaye.